Kunnen Alade da Ruwan Tsami

Talata, 2 ga Yuli, 1991, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafina ne na aji shida, ko rabi bai cika ba. Babu makaranta, mutanen da rufi ya rufta musu ne suke kwana a azuzuwanmu. Zan riƙa rubutu a nan tunda a gida yanzu ba a cika magana ba.

Mu uku ne a gidan: ni, da Ima da ta haife ni, da Apu Sening da ta haifi babana, Tatang. Huɗu in an haɗa da na cikin Ima, wata bakwai.

Yau kwana goma sha bakwai da ranar Asabar ɗin da dutse ya yi aman toka. Ba zan rubuta ranar Asabar ba.

Kullum ƙarfe shida rediyo yana karanta sunayen waɗanda aka samu a sansanoni. Sai na manna kunne a jikinsa don batir ya yi sanyi. Yau an kira mutum biyu masu sunan gidanmu, Manalang. Babu Salbador, wato Tatang, a ciki. Tun ranar Asabar ɗin bai dawo gida ba.

Na share tokar ƙofar gida. Ima ta sha cokali uku na kunun shinkafa, ta juya fuskarta bango.

Laraba, 3 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Ba a kira ba.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Ungozoma Doray ta zo da laima da jakarta. Ta danna cikin Ima, ta saurara, ta sake dannawa. Sannan ta ɗaga hannun Ima sama kamar mai duba kaza a kasuwa.

Ta ce, "Nenita, azumin Ista ya wuce tun watan Maris. Wa ya ce ki ci gaba da shi?"

Ta saki hannun, ta sake dafa cikin.

"Cikin nan inda na bar shi nan na same shi. Sau nawa yake motsi a yini?"

Ima ta ce ba ta ƙirga.

"To ni ina ƙirga. Na ba ki sati biyu da rabi. In na dawo na ga hannun nan haka, asibitin San Fernando zan kai ki, ko da a bayana ne."

Nan Ima ta juyo. Ta ce, "Ba inda zan je. In ya zo ya tarar ba kowa fa?"

Apu ta tashi ta fita wai za ta duba wanki. Babu wanki a igiya.

A bakin ƙofa ungozoma ta riƙe ni. Ta ce, "Perling, ke ce mai ƙafa a gidan nan. Duk abin da ta ce tana so, ki samo shi. Kin ji ni? Yaron nan ba shi da wani abinci sai abin da ta haɗiye." Na gyaɗa kai. Ta ce ita ba ta jin gyaɗa kai. Na ce na ji.

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ina yi mata fifita, idonta a rufe, sai ta ce, "Sisig."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Apu ta ji daga kicin, ta shigo da ludayi a hannu, ta yi alamar gicciye. Ta ce kwaɗayin ciki ne, kuma kwaɗayin ciki ba a wasa da shi, in aka hana mace abin da ranta ya kira, jinjirin ne yake fushi.

Sana'ar Tatang ke nan. Rumfarsa tana gefen layin dogo, ta uku daga mararraba. Toka ta danne rufinta, amma farantan ƙarfensa goma sha biyu suna nan, na kwaso su tun makon farko. Tun ina shekara takwas nake wanke su. Na san yadda ake yi: a dafa kan alade, a gasa shi a gawayi, a sassara kunne da kumatu ƙanana, a haɗa da albasa da barkono da hantar kaza da lemun tsami, a juye a farantin da ya yi zafi har ya yi ta ƙara. Na sani da ido. Ban taɓa sa shi a bakina ba. Tatang yakan ce, "Wannan na mashaya ne, Perling, ke ci kifinki." Ni ma ban damu ba, don ba na son yadda kan yake kallona daga cikin tukunya.

Kullum ƙarfe biyar, farantin farko na gida ne. Yakan rugo da shi a kan katakonsa don kada ƙarar ta mutu a hanya. Tun daga bakin lungu muke jin sa, caaa, sannan shi.

Lahadi, 7 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Ba a kira ba. Ruwan sama tun asuba. Tokar ta zama kamar siminti.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Dara Choleng, yayar Ima, ta iso daga Manila. Ta ce awa tara suka yi a hanyar awa biyu. Ta kawo sardin, madara, batir, da surutu. Da ta ji labarin kwaɗayi sai ta naɗe hannun riga, ta ce a ba ta wuri.

Ta samo nama, ta soya, ta sassara. Ta zuba a farantin Tatang. Sai ta fasa ƙwai a kai.

Apu ta ce, "Yesu, Maryamu da Yusufu! Mene ne wannan?"

"Ƙwai ne, Apu."

"Na san ƙwai, na girmi kazar da ta yi shi. Me yake yi a kan sisig?"

"Haka ake yi a Manila yanzu. Har da mayonis ake sawa."

"A Manila ko ruwan zafi kuka ɗora sai kun ƙona shi. Ƙwai! A farantin ɗana!"

"Haba, Apu, mai ciki ce, ƙwai zai ƙara mata jini."

"To ki dafa mata ƙwai, ki kira shi ƙwai."

Dara ta ɗauka ta shiga ɗaki yana ƙara. Ima ta ja zane ta rufe kanta. Dara ta tsaya har ƙarar ta mutu, ta fito. Apu ta ce, "Kin gani? Ko jinjirin ya san ba ɗan Manila ba ne shi." Su biyu suka cinye, Apu tana tsince ƙwan gefe.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Wasu maza biyu daga ofishin unguwa sun zo. Ba su shigo ba. Sun yi magana da Apu a gindin gwaiba, suka cire huluna. Na ji sun ambaci wata gawa da aka samu. Apu ta sa baƙin mayafinta na coci ta bi su. An ce in zauna da Ima, kada in ce komai.

Ta dawo bayan awa uku. Ta wanke hannu da ƙafa a randa, ta daɗe tana wankewa. Ta ce, "Ba shi ba ne." Ta shiga kicin.

Ima ta sha rabin kofin madara. Ta amayar.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na je layin dogo. Rumfa huɗu ne kawai suka buɗe, da tamfol a maimakon rufi. Bapa Turing, abokin Tatang mai rumfar kusa da tamu, yana ciki yana sara. Na tsaya a jikin turken lantarki. Ina ta shirya abin da zan faɗa, yana ta watsewa. Na fi rabin awa.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ke 'yar Badong, gwamnati ce ta ɗauke ki gadin turken nan?" Badong ne sunan da 'yan layin dogo suke kiran Tatang da shi.

Mutum biyu da ke kan benci suka yi dariya. Na so in koma gida. Na matso na ce Ima tana son sisig. Bai ji ba. Na sake faɗa.

Ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Zan zuba maki ki kai mata."

Na ce a'a, irin na Tatang take so, ni zan yi.

"Kin iya?"

Na ce na sha gani.

"Ni ma na sha ganin jirgin sama. Kin taɓa ci?"

Na girgiza kai.

Ya juya ga na kan benci. "Kun ji? 'Yar Badong Manalang, shekara goma sha uku a garin nan na Angeles, ba ta taɓa cin sisig ba. Mutumin nan in ya..." Sai ya jawo faranti daga kan wuta da awartaki.

Ya ɗora a gabana. Ƙarar ta fi yadda nake jin ta daga wajen wanke-wanke, mai yana tsalle yana cizon hannuna. Ya matse lemun tsami, hayaƙi ya shiga idona. Ya ce, "Juya shi kafin ya kama. Ɗebo daga gefe, inda ya soyu."

Na ci. Da fari zafi kawai. Sannan tsami, sannan kitse ya cika baki, sannan wani abu ya yi ƙurus tsakanin haƙora, ashe guringuntsin kunne ne. Hantar tana ƙasa, mai ɗan ɗaci. Barkono ya zo daga baya, bayan na ɗauka an gama. Warin rigar Tatang ne sak, in ya dawo ya rataye ta a ƙusa. Ban san ana iya cin warin ba.

Na ci cokali bakwai. Bapa ya ce, "Ba kuka take ba, jama'a, barkono ne." Ba wanda ya tambaye shi.

Ya sayar mini da rabin kai da kuɗin da Dara ta ba ni, ya ƙara kunne ɗaya kyauta. Ya ce, "Ubanki ya fi ni sa tsami, ya fi ni sara ƙanana. Kuma ki ɗanɗana kafin ki juye a ƙarfe. Wanda bai ɗanɗana ba, bai dafa ba."

Juma'a, 12 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na yi. Na rufe idon kan da ganyen ayaba kafin in sa shi a tukunya. Kumatun ya ƙone a gawayi. Apu ta ɗanɗana ta ce ba gishiri. Komai ma haka take cewa tun da haƙoranta suka zube.

Ima ta rufe kai.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Ba a kira ba. Sati huɗu.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na sake yi. Wannan karon na ƙunsa kaɗan a ganye na kai wa Bapa Turing kafin in ɗora ƙarfe. Ya tauna a hankali yana kallon layin dogo. Ya ce, "Je ki kai mata." Bai yi wasa ko ɗaya ba.

Lokacin da nake sara, na hango Ima ta ƙofar kicin. Ta tashi zaune. Da na matse lemu har ta ɗaga hanci. Na ɗauka yau ce.

Na juye a faranti, ya yi caaa. Kafin in kai ƙofar ɗaki ta kwanta, ta rufe kai, ta sa hannu biyu a kan zanen.

Dara ta ce, "Nenita, ki dubi Allah ki dubi yarinyar nan, hannunta duk ƙuna. Ke kika ce sisig, ga sisig. Ko na zinariya kike jira?"

Apu ta ce ta ƙyale ta. Suka fara. Na fita bayan gida na kankare farantin da toka. Toka tana wanke ƙarfe sosai, wannan kaɗai ne amfaninta.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Ima ta ce jinjirin bai motsa ba tun jiya da rana. Ba ni ta gaya wa ba, Dara ta gaya wa. Can ta ce ya motsa kaɗan.

Saura kwana biyar ungozoma ta dawo.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Ba a kira ba. Sunayen da ake karantawa sun ragu. Yanzu kafin ƙarfe shida da kwata an gama, sai a sa waƙa.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na gama haɗa komai a kwano, saura in ɗora ƙarfe a wuta, sai ƙararrawar coci ta fara bugawa ba tsayawa. Mutane suna buga tukwane suna ihun laka ta taso daga kogi. Dara ta ce in ja Apu zuwa coci, tunda ba ta sauri, ita za ta nemo babur mai gefe a ɗauki Ima.

Mun yi awa ɗaya a benen coci. Apu ta rungume gunkin Yesu Jariri da ta ɗauko maimakon maganinta. Daga sama na ga wurin da gada take a da. Ban daɗe ina kallo ba.

Lakar ta bi ta wani gefen. Da muka dawo, Dara tana ƙofar gida tana zagin masu babur, ba ta samu ko ɗaya ba. Ima tana kwance yadda muka bar ta.

A kicin an ci gefen kwanon. Kamar cokali huɗu ko biyar.

Apu ta ce, "Choleng!"

Dara ta ce, "Ni? Da sanyinsa, ko ƙwai babu? Ina yawon ceton rai kina zargina da satar kunne?"

"To kyanwar gidan Pineda ce."

Amma kyanwa ba ta cin barkono. Kuma an bar cokali a cikin kwanon.

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ina cire wa Apu furfura a bakin tsani, na tambaye ta ko ana cin sisig ba ƙarfe.

Ta ce, "Ƙarfe? Ƙarfen nan jiya-jiya aka zo da shi, don mashaya su ji ƙara su juyo. Da can abincin masu ciki ne. Kunne dafaffe, ruwan tsami na rake, albasa, barkono, gishiri, a kwanon ƙasa, da sanyinsa. Guringuntsin ne yake ƙarfafa ƙashin yaro. Wayyo, ke, a hankali, baƙar kika cire."

Na ce lokacin da Ima take da cikina fa?

"Lokacin cikinki ubanki ko rumfa ba shi da ita. A kwanon ƙasa yake yi mata. Nan bakin tsanin suke zama su cinye, ko tayi ba sa yi mini, 'yan banza."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Sannan ta ce, "Ni ma tun ranar da Choleng ta juye a farantin nan, sai da na kalli ƙofa."

Sau uku muna kai mata ƙarar har bakin gado, ba kowa a bayanta. Ni ce na kai biyu.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Ba a kira ba. Zan je kasuwa.

Asabar, ƙarfe shida da rabi na yamma

Kunne kawai na sayo, guda huɗu. Apu ta zaro kwanon ƙasa daga ƙarƙashin gadonta, yana cike da maɓallai da kyandir. Ban hura gawayi ba. Na dafa, na bar shi ya huce, na sassara, na zuba ruwan tsami. Na ɗanɗana, na ƙara. Na sake ɗanɗanawa, na ƙara, har sai da ya sa ni rufe ido ɗaya. Apu ta ce ba gishiri. Ban ƙara ba.

Na ƙi kai shi ƙarfe biyar. Na jira har shida saura. Na cire takalmi a ƙofa, na ajiye kwanon a kan kujera kusa da gado, na koma na zauna a ƙasa ina kallon yatsun ƙafata.

Ban san minti nawa ba. Sai na ji cokali ya taɓa kwano. Sannan ƙurus, ƙurus. Ban ɗaga kai ba. Dara ta leƙo za ta yi magana, na ga hannun Apu ya fito daga bayanta ya janye ta.

Ima ta ce, "Shi ya koya maki?"

Na ce a'a.

"Ya fi ki sara ƙanana."

Na ce to.

"Akwai shinkafa?"

Na kawo. Ta ci fiye da rabin kwanon. Tana ci tana tsayawa, ta dafa cikinta ta gefe, ta ce, "To, to, na ji, ga shi nan zuwa." Ba da ni take ba.

Sai ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Rabon da ta dube ni haka tun watan jiya. Ta kamo hannuna ta juya, ta ga wuraren da mai ya ƙona. Ta turo mini kwanon.

Apu ta ce daga ƙofa, "Kul! Ba a cin ragowar mai ciki, barci zai kama ta kamar an buga mata guduma."

Ima ta ce, "Na sani, Apu. Ki dubi idon yarinyar nan, barcin take bukata." Ta miƙo mini cokalinta. "Ci, Perling. Cinye duka."

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Yanzu na tashi. Ungozoma ta zo ta tafi ban sani ba. Dara ta ce ta yi faɗa, amma ta ƙara mana sati ɗaya.

An karanta sunaye ina barci. Ima ta ce ita ta saurara, kuma daga yau ita za ta riƙa saurare. Rediyon yana kan gadonta. Ban tambaye ta ko an kira ba, ba ta faɗa ba.

Ta ce in wanke fuska in yi sauri, ranar Lahadi kunne ba ya kaiwa tsakar rana a kasuwa.